Damin Raken da Zulkifilu Bai Ɗauka Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san 'yan mata ne suka fi ba da labarin soyayyarsu a nan, to yau uban yarinya ne ya shigo, ku yi haƙuri da ni. Sunana Yahuza, manomin rake ne ni a Gazara ta ƙasar Makarfi. Abin nan ya cika mini ciki, in ban faɗa ba ba zan samu sauƙi ba.

'Yata ta fari sunanta Mukarrama. Kun ga na rubuta, amma shekara ashirin da huɗu na yi ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ta mahaifiyata Inna Kulu ta ɗauke ta, shi ya sa a gida "mutuniyar Inna" nake ce mata. In ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Da waya ta zo sai muka samu hanya. Ita ta rubuto saƙo mai tsawo, ni in amsa da "To." In abin ya yi mini daɗi ƙwarai, in rubuta "To madalla."

Ta karanta aikin lafiya, yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti can wajen Kudan. Wanda ya fito nemanta kuma sunansa Zulkifilu, tela ne, ɗan Malikanchi, shagonsa yana cikin garin Ikara. Dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga zaurena. Siriri, ga gilashi mai kauri, ga yatsu dogaye kamar an halicce su don allura. Maraya ne, daga shi sai tsohuwarsa.

Kwana uku bayan manyansa sun zo neman izini, sai ga shi shi kaɗai a fadama da la'asar, ina ban ruwa. Ya sa farar kaftani mai ƙaramin aiki a wuya, ya tattare ƙafar wando saboda laka, yana riƙe da wata babbar ambulan. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, barka da aiki. Yaya ruwa? Yaya iyali?"

"Lafiya lau. Ka tashi mana, za ka ɓata kayanka."

"Baba, kafin ku fara bincike a kaina, akwai abin da nake so ku ji daga bakina."

Na ce a raina, shi ke nan, ko ya taɓa aure ne ya ɓoye. Sai ya nuna tiyon da nake ban ruwa da shi. Akwai wani wuri kusa da bakin inji da ya kumbura ya yi tulluwa, na naɗe shi da robar tayar keke.

"Baba, me ya sa kuka ɗaure nan?"

"Jikinsa ya yi laushi. In na ƙara wa inji wuta, nan zai fashe."

"To irinsa ne a ƙirjina."

Ya zaro takardun. Ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta rarraba wa jiki, tasa ta kumbura daga tushe. Ya ce ba ta ciwo, ba ta hana shi ci ko barci, shi ya sa ma take da haɗari. Mahaifinsa yana da shekara arba'in da ɗaya ya ɗaga buhun masara zai ɗora a kan jaki, ya dafe ƙirji ya zauna, kafin a kawo ruwa ya cika. A lokacin aka ce iska ce. Sai da shi Zulkifilu ya je gwajin ido a Zariya wata likita ta dubi tsawonsa da yatsunsa, ta tura shi hoton zuciya, sannan aka gane abin gado ne.

"Duk wata shida ana aunawa," in ji shi. "Ta lafiyayyen mutum faɗinta bai cika wuce santimita uku da wani abu ba. Tawa huɗu da ɗigo shida ce yanzu. Likita ta ce irina, in ta kai biyar, ko ta fara saurin girma, sai aiki. Kafin nan ina shan maganin da ke rage ƙarfin bugun jini. An hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, an hana ni duk abin da zai sa in yi nishi."

"Ita ta sani?"

"Ita na fara gaya wa. Ta karanta takardun fiye da yadda na karanta. Ta san ma 'ya'ya za su iya gada."

"Me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗan yi murmushi. "Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake shan maganin. Na ce duk lokacin da na tuna. Ta yi mini faɗa."

Jama'a, wallahi yaron nan ya burge ni. Nawa ne za su zo da ƙafarsu su tona abin da zai iya hana su mace? Na ce masa na ji, Allah Ya ba da lafiya. Amma daga ranar ban ƙara kallon tiyon nan da daɗin rai ba.

Ga laifina. Wana, Yaya Sani, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi zai ba da aurenta, don a wajenmu uba ba ya waliccin 'yarsa in yana da wa. Mutum ne mai zafi, mai ƙarfi, har yanzu da furfurarsa yana iya saɓa dami shi kaɗai. Ban taɓa musa masa ba tun muna yara. Na san in ya ji zai ce a bar maganar. Sai na yi shiru. Ko matata Zulai ban gaya wa ba. Kullum in ce gobe. Aka sa rana, bayan Babbar Sallah. Na ci gaba da cewa gobe har saran rake ya zo.

A garinmu in an sa wa saurayi rana, yakan tara abokansa su zo gayya gonar surukinsa. Ba dole ba ne, amma wanda bai yi ba za a daɗe ana faɗa. Kuma a ƙarshen aiki, dami na ƙarshe, wanda ake ɗaurewa ya fi sauran girma, angon ne ke ɗauka shi kaɗai daga bakin gona zuwa mota, ana yi masa kirari ana tafi. Ni ma na ɗauka a gonar mahaifin Zulai, sati guda wuyana bai juyu ba.

Ana gobe gayya saƙon Mukarrama ya shigo wayata.

"Baba, barka da yamma. Don Allah gobe kada a bari ya ɗauki komai. Na gaya masa, amma yana jin kunyarku. Ku kaɗai zai ji maganarku."

Na rubuta "To."

Washegari suka iso da sassafe, samari kusan ashirin a kan babura. Zulkifilu bai riƙe adda ba. Ya ɗauki aikin ɗaure dami, kuma wallahi ban taɓa ganin ɗauri mai kyau irin nasa ba, kowane dami kai ɗaya, kamar an yanka da almakashi. Shi ya kawo ruwan sha, shi yake bi yana tsince ganye. Abokansa biyu da suka san halin da ake ciki suna kare shi, da an nufo shi da kaya sai ɗaya ya tare. Yaya Sani yana zaune ƙarƙashin mangwaro da carbinsa, yana kallo. Tun hantsi ya fara.

"Yahuza, wannan surukin naka ɗinki ya zo yi ne ko gayya?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi 'yar dariyar dole.

"Kai dogo! Tsawon nan duk na banza ne? In an kai maka yarinya, buhun shinkafa ita za ta riƙa shigar maka da shi?"

"Allah Ya ƙara girma, Baba," in ji Zulkifilu, yana ci gaba da ɗauri. Amma na ga fuskarsa ta canza.

Da azahar aka kawo abinci, dambu da zogale da kunun tsamiya. Mukarrama na cikin masu kawowa, ita da ƙawayenta biyu. Ta sa atamfa kore da farin hijabi har gwiwa. Ta ajiye kwanuka can gefe, ba ta dubi kowa ba. Amma ba ta tafi ba, ta tsaya wai tana jiran kwanuka.

Aka gama lodi, saura dami na ƙarshe. Samarin garinmu ne suka ɗaure shi, kuma don tsokana suka cika shi, sai da mutum biyu suka mirgino shi. Yaya Sani ya miƙe.

"To, angon Malikanchi. Bisimilla. Mu ga abin da za mu ba wa 'yarmu."

Wani abokinsa ya yi wuf ya ce shi zai ɗaukar masa.

"Kai za a ɗaura wa auren?" in ji Yaya. Wuri ya ɗauki shewa.

Zulkifilu ya dube ni. Sau ɗaya kawai. Na san abin da yake jira. Kalma ɗaya ce: bari. Jama'a, bakina ya yi nauyi. Ina ganin wana tsaye, ina ganin mutanen gari, ina tunanin yadda za a ce na san yaro ba shi da lafiya na ɓoye wa babban gida. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Ya cire gilashinsa ya miƙa wa abokinsa. Ya naɗe hannun riga. Ya sunkuya ya zura dogayen yatsun nan ƙarƙashin igiya, ya ja numfashi ya riƙe.

Sai ga ƙafa a kan damin. Ƙafa da lalle da silifa.

Ban ga lokacin da ta taso ba. Ta taka damin ta danne, ta dube shi.

"Saki."

"Mukarrama, mutane..."

"Na ce ka saki. Ka saki numfashin kuma, a hankali."

Ya saki. Ta sauke ƙafarta, ta juya ta durƙusa har ƙasa gaban Yaya Sani, hijabinta cikin laka.

"Baba Sani, ku gafarce ni, na yi rashin kunya a gabanku. Ba ragwanci ba ne. Yana da kumburi a babbar jijiyar zuciyarsa. In ya ɗaga damin nan za ta iya tsagewa nan take, kuma ko da mota a kunne ba za mu kai Zariya da shi ba. Haka mahaifinsa ya rasu. In dole sai an ɗauka, ku raba mini shi biyu, ni zan kai."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. A raina na ce, wannan ni na haife ta? Ni da na kasa cewa "bari"?

Yaya Sani ya juyo gare ni.

"Ka sani?"

"Na sani, Yaya."

Ya soke carbinsa a aljihu, ya sunkuya ya saɓi damin nan shi kaɗai, da furfurarsa, ya kai mota ya jefa. Ya hau kekensa ya tafi.

Sati biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Zulai ma ta yi fushi, ta ce, "Malam, ni da na yi naƙudarta ban isa in sani ba?"

Cikin haka lokacin awo ya yi. Na ce zan raka shi Zariya, ko na rage nauyin da ke wuyana. Likitarsa mace ce, Dakta Judith, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tas. Aka shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, aka riƙa goga na'ura. Ina ganin abu yana buɗewa yana rufewa a allon talabijin, ban gane komai ba, fuskarta kawai nake karantawa. Ta auna, ta sake aunawa, ta kira wani likita ya zo shi ma ya auna.

"Biyar," in ji ta. "Wata shida da suka wuce huɗu da ɗigo shida ce. Ba girman kaɗai ya dame ni ba, saurin ne."

"Dakta, ni fa ba na jin komai," in ji Zulkifilu.

"Na sani. Ba ta sallama. Shi ya sa muke aunawa, ba ma jira ta yi magana." Ta juyo gare ni. "Baba, lokacin da take ƙarama, haɗarin aikin ya fi haɗarin barinta, shi ya sa muka ce a jira. Yanzu abin ya juya. Aiki ne babba, za a buɗe ƙirji a cire wurin da ya kumbura a sa na roba. Ba zan ce muku babu haɗari ba, akwai wanda ba ya tashi. Amma mafi yawan waɗanda aka yi wa cikin shiri suna tashi su ci gaba da rayuwarsu. Wanda ta tsage masa a gida, yawanci ba a kai ga yi masa aikin ma."

"Zai iya kaiwa bayan Babbar Sallah?" in ji shi. "Wata huɗu ne kawai."

"Zai iya. Zai iya kuma ƙin kaiwa. Ba ni da na'urar da ke nuna wannan. Da ƙanena ne, ba zan bar shi ya wuce wata guda ba."

Ta ce za ta rubuta masa takarda zuwa wani asibiti a Abuja inda ake irin aikin. Batun abin da za a kashe, danginsa da ƙungiyarsu ta teloli sun daɗe suna shiri, ba shi ne ya tsaya mana ba.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Hunƙuyi. Nan Zulkifilu ya ce, "Baba, ni na fi son a yi biki tukuna. In na shiga ɗakin aikin nan ban fito ba, aƙalla dai na taɓa zama mijinta. Wata huɗu zan lallaɓa, ko allura ba zan ɗaga da ƙarfi ba."

Na gane tsoro ne, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na kai wa Yaya Sani labari, yana zaure yana gyaran fartanya. Ya saurara har na gama.

"Yaron kirki ne," ya ce. "Na zalunce shi ranar nan, Allah Ya yafe mini. Amma ba zan ɗaura wa 'yata aure yau gobe ta shiga takaba ba. A yi aikin. In ya tashi, ranar tana nan. In bai tashi ba, yarinya tana nan da budurcinta. Magana ta ƙare."

Kun ga inda na samu kaina. Yaro ya ce ba aiki sai an yi aure. Yaya ya ce ba aure sai an yi aiki. Jijiya kuwa ba ta jiran kowa. Kwana uku ba na iya cin tuwo. Da waya ta yi ƙara sai in zabura, in ce shi ke nan, an bugo daga Ikara.

A rana ta huɗu da hantsi, ina bakin fadama, saƙonta ya shigo. Har yanzu yana wayata, bari in kwafo muku.

"Baba, barka da hantsi. Ku gafarce ni zan yi magana a kan abin da bai kamata in sa baki ba. Shi yana tsoron mutuwa bai aure ni ba, Baba Sani yana tsoron in zama bazawara. Ni abin da nake tsoro shi ne wata huɗun nan. Kada a ɗaga aikin, a matso da auren. Ba na son biki, ba na son lefe yanzu. Bayan aikin zai yi kwanaki ba ya iya tashi da kansa, sai an juya shi, an goge masa jiki, an ƙirga masa magani. Innarsa ta tsufa, ba shi da 'yar'uwa. Aikina ne, na iya, amma ba zan taɓa shi ba sai da aure. In Allah Ya karɓe shi, na san abin da na shiga, zan yi takabata ban zargi kowa ba. Baba, ranar gayya kun ce To. Yau ina roƙon ku faɗa da baki."

Na karanta sau uku. Layin ƙarshen nan ya shige ni kamar ƙaya. Ban rubuta komai ba. Na kashe inji, na wanke ƙafa, na nufi gida.

Ranar Mukarrama ba ta je aiki ba, tana ɗakin Inna tana yanke wa tsohuwa farce. Shekara da shekaru ban shiga ɗakin nan tana ciki ba. Na yi sallama. Ta miƙe za ta fita kamar yadda ta saba, ta raɓa ta gefen gadon ƙarfe, kanta a ƙasa.

"Mukarrama," na ce. "Zauna."

Abin yanke farcen ya faɗi daga hannunta. Inna ta dube ni baki buɗe.

"La'ilaha illallahu! Yahuza, yau kuma? Ko zazzaɓi kake?"

"Lafiyata ƙalau, Inna."

Na zauna a bakin ƙofa. Karo na farko na dubi fuskar 'yata sosai. Ashe tana da ɗan tabo a gira, ban san lokacin da ta ji ciwon ba. Ashe idanun mahaifina ne da ita.

"Kin san abin da kike nema? In ya mutu fa?"

"Baba, in an ɗaga aikin saboda ni ya mutu, wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Ɗayan zan iya."

"Ba tausayi ne ke ɗibarki ba?"

Ta ɗan yi murmushi, hawaye na zuba. "Baba, masu ban tausayi kullum ina ganinsu a asibiti. Ban ce zan auri ko ɗaya ba."

Inna ta fashe da dariya har da tari. "Ka ji ja'ira! To kai me kake jira? Tashi ka je wajen wanka. In ya ɗaga maka murya ka ce ni na aiko ka, ni na yi wankan jegonsa."

Ban ce Inna ce ta aiko ni ba. Na ga in na fake da ita, na sake yin abin da na yi a gona. Na samu Yaya a zaure bayan azahar, na durƙusa, na ce, "Yaya, ban taɓa musa maka ba. Yau zan musa. Ina so a ɗaura ranar Juma'a."

"Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. Ranar nan saura kaɗan in kashe ɗan mutane saboda tsoronka. Ba laifinka ba ne, nawa ne. Ba zan ƙara ba."

Na miƙa masa wayar. Ya ce idonsa ba ya gani, in karanta. Na karanta masa duka, har layin ƙarshe. Ya daɗe yana murza gemu.

"Ita ta rubuta wannan?"

"Ita."

"Yarinyar da ta taka mini dami a gaban jama'a." Ya girgiza kai. "Da namiji ce da ita za a bar wa gidan nan, ba ni ba, ba kai ba." Ya ja tsaki, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. "Sai ka aika Malikanchi. Amma ka gaya wa dogon nan da sharaɗi. Ana shafa fatiha, takardar Abuja zai ɗauka. In ya ƙara cewa bayan Sallah, ni da kaina zan saɓe shi in kai shi, bai kai damin nan nauyi ba."

Na buga wa Zulkifilu a gabansa. Na yi masa bayani duka. Sannan ya ce, "Baba, ita ta ce haka?" Na ce ita. Ya ce, "To ku gaya wa Baba Sani na karɓi sharaɗi."

Ranar Juma'a bayan an sauko aka ɗaura a ƙofar gidanmu. Ba kiɗa, ba rumfa, goro da dabino kawai. Yaya Sani ya ba da ita da babbar murya. Kwana biyu kafin nan Zulkifilu ya aiko mini da riga, shuɗiyar shadda da ya ɗinka da hannunsa, ko awona bai ɗauka ba, amma ta zauna mini kamar a jikina aka yanka. Zulai ta yi kuka ta gaji, sannan ta haɗa wa 'yarta jaka: zannuwa uku, flas, da garin kunu.

Yau kwana goma sha ɗaya da ɗaurin auren. Ina rubuta muku wannan ne a kan benci, a barandar asibiti a Abuja, da rigar nan a jikina. Ɗazu da safe aka aske masa ƙirji, aka sa masa rigar asibiti wadda ko gwiwarsa ba ta rufe ba. Ya dubi ɗinkin ya ce duk wanda ya yi ta bai iya kafa hannu ba. Muka yi dariya, har da Yaya Sani, wanda ya ce shi ba zai zo ba, kuma shi ya riga kowa shiga mota.

Wata ma'aikaciya ta shigo da takarda a kan allo. Ta ce mara lafiya ya sa hannu, saura na kusa da shi, wanda za a nema in ana bukatar yanke shawara yana cikin barci. Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta miƙo biro tsakaninmu.

Ba wanda ya motsa a cikinmu. Mukarrama ta miƙa hannu, lallen aurenta bai gama gogewa ba.

"Kawo nan," ta ce. "Ni ce matarsa."

Ta sa hannu, ta cire masa gilashi ta saka a jakarta, ta ce zai same shi a wajenta in ya farka. Aka tura gadon. Ƙafafunsa sun zarce ƙarshen katifa, su na riƙa kallo har ƙofa ta rufe.

An ce aikin zai ɗauki awa shida. An ci biyu. Tana zaune kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa, tana jan carbin Baba Sani. Ɗazu ta ce, "Baba, kun sha ruwa kuwa?" Na ce, "A'a, Mukarrama." Sau huɗu ke nan ina faɗar sunan yau, kuma duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya haɗa da na Zulkifilu a addu'arsa. Ƙofar tana nan a rufe.